Birnin Gwari: Gidan Mai Gwari, Tsohon Birni Da Dajin Kamuku

Idan aka ambaci Birnin Gwari a yau, abin da yake fara faɗo wa yawancin ɗalibai a rai shi ne labarin 'yan bindiga da satar mutane, domin shi muka taso muna ji a rediyo. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa garin yana da sarauta mai dogon tarihi, wadda ta ga zamanin sarakunan Katsina na dauri, ta ga jihadi, ta ga yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa, kuma har gobe tana nan. Wannan ne ya sa mu, wasu ɗaliban jami'a masu sha'awar tarihi, muka haɗa kuɗin mota muka nufi can da hanya ta ɗan lafa. Ga abin da muka gani da abin da muka karanta, mun kawo wa ƙannenmu na sakandare.

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari

Daga Kaduna yamma ake nufa. Ana fita ta Mando, a wuce Buruku da Udawa, tafiyar kimanin kilomita 120. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da ta haɗa Kaduna da Legas, ta bi ta Tegina da Mokwa da Jebba da Ilori. Shekara da shekaru manyan motoci ta nan suke bi da hatsi da shanu zuwa kudu, su dawo da goro da manja da kayan kanti. Da matsalar tsaro ta yi tsanani, direbobi da yawa suka ƙaurace mata, waɗanda ya zama musu dole kuma sai su jira rakiyar jami'an tsaro.

Mun wuce shingayen bincike da dama. Tun daga Buruku itatuwa suke ƙara kauri, gidaje suna ƙara nisa da juna. A wani wurin ka ga gona an share ta tas, kusa da ita kuma wata ta koma saura, ciyawa ta fi tsawon mutum. Cikin mota hira takan ɗauke idan an shiga inda daji ya matso bakin titi, sai an hango rumfunan masu sayar da masara da itace sannan kowa ya saki jiki.

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana cikin mafiya faɗi a Jihar Kaduna, ta haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 250,000. Ta yi iyaka da jihohi uku: Zamfara da Katsina da Neja. Ku riƙe wannan batu na iyaka, domin shi ne mabuɗin tarihin wurin. Ƙasar da take tsakanin manyan dauloli takan ci riba ta fatauci, takan kuma sha wuya idan yaƙi ya tashi.

Su wane ne Gwari?

Gwari suna ne da Hausawa suke kiran al'ummar da ke kiran kanta Gbagyi ko Gbari. Suna zaune a jihohin Neja da Kaduna da Nasarawa da Babban Birnin Tarayya Abuja. Manoma ne na gaske, an san su da doya da dawa da ginin tukwane, an kuma san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Matar nan da kuke gani a bayan takardar Naira 20 tana gina tukunya, Ladi Kwali, 'yar wannan al'umma ce. A darasin tarihi kuma kun haɗu da sunan Gwari cikin jerin ƙasashe bakwai da labarin Bayajida ya lissafa a gefen Hausa Bakwai, tare da Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da Kwararrafa da Yarabawa.

A nan akwai abin gyara gare mu. Mukan ce wa wanda bai iya magana ba yana “gwaranci”, muna dariya. Wanda ya san cewa mutanen nan sun gina birni mai ganuwa, sun yi sarauta, sun yi fatauci da manyan biranen Hausa, zai ji nauyin furta wannan kalma. A yau Hausa ce ake ji a kasuwa da masallatan Birnin Gwari, kuma Hausawa da Fulani da Kamukawa da Gwarawa suna zaune tare, an yi auratayya an cuɗanya. Duk da haka sunan garin da laƙabin sarkinsa sun riƙe asalin.

Tsohon birni da baƙon 1826

Garin da matafiyi yake tararwa a bakin titi a yau sabon mazauni ne. Birni na asali yana arewa, kan hanyar Funtuwa, shi ne ake kira Tsohuwar Birnin Gwari. Da babbar hanyar mota ta zama jijiyar arziki, sai fada da kasuwa da ofisoshi suka koma bakinta. Kalmar “birni” kanta shaida ce, domin a ƙasar Hausa ta dā ba a ce wa gari birni sai yana da ganuwa da ƙofofi da sarki.

A shekarar 1826 wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya biyo ta nan. Ya taso daga Badagiri a bakin teku, ya ratsa ƙasar Oyo da Bargu, ya ƙetare Kwara a yankin Busa, ya bi hanyar fatake har ya iso wannan birni, sannan ya wuce Zariya da Kano. A Sakkwato ya rasu cikin watan Afrilu na 1827. A littafin tafiyarsa ya nuna cewa birnin yana da ganuwa, cewa a dā yana ƙarƙashin Katsina, kuma a lokacin da ya zo yana cikin ƙasashen da suka yi wa Sakkwato tawaye.

Wannan ɗan bayani ya koya mana abu biyu. Na farko, shekara kusan 200 da suka wuce Birnin Gwari zango ne a kan hanyar da ta haɗa ƙasar Nufe da Zariya da Kano, ayarin fatake da jakunansu suna kwana a cikinsa. Na biyu, sarkin wannan wuri yana da ƙarfin da zai zaɓi wanda zai bi da wanda zai ƙi. Ganuwa da duwatsu da daji su ne garkuwarsa.

Kwantagora, Turawa da En'e

Garkuwar ba ta ɗore ba. A 1864 Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kwantagora da sarautar Sarkin Sudan. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau a 1880, ya yi suna wajen kai hare-haren kamun bayi a ƙasashen Gwari da Kamuku, Birnin Gwari ma bai tsira ba. Garuruwa da yawa suka watse, mutane suka haye duwatsu, gonaki suka koma jeji. A farkon 1901 sojojin Lugga suka ci Kwantagora, wannan zamani ya ƙare, wani ya shigo.

A tsarin mulkin Turawa, Birnin Gwari ta kasance cikin Lardin Zariya, amma ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Tana da En'e tata, kamar yadda Kagoro da Marwa da Jaba suke da nasu a kudancin lardin. En'e ita ce hukumar gargajiya ta wancan lokaci, sarki ne shugabanta. A hannunta haraji da jangali suke, da kotun alƙali, da 'yan doka, da gidan yari, da kula da daji. Wato sarkin wancan zamani shi ne gwamnatin da talaka yake gani da idonsa.

Bayan juyin mulkin 1966 aka fara zare wannan iko. Gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin yau da kullum ga ciyamomi da kansiloli. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ware wa sarakuna wani aiki a rubuce ba.

Gidan Mai Gwari

Sarkin Birnin Gwari na yanzu shi ne Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, wanda ya hau gadon sarauta a 1993, kuma yana cikin sarakuna masu daraja ta ɗaya a Jihar Kaduna. Sunan mahaifinsa, marigayi Sarki Jibril Mai Gwari, shi aka sa wa babban asibitin garin. Ku lura da laƙabin: “Mai Gwari”. A Hausa “mai” yana nuna mallaka, yana kuma nuna wanda nauyi yake wuyansa, kamar yadda muke cewa mai gida ko mai unguwa. Duk wanda ya amsa wannan suna ya amsa cewa ƙasar da mutanenta amana ce a hannunsa.

Mun tsaya a ƙofar fada mun ga abin da ake gani a kowace fada ta Arewa: dogarai da jajayen riguna, dattawa suna tuɓe takalma kafin su shiga, masu gaisuwa suna ɗaga hannu suna “ranka ya daɗe”. Wani abin da ya ja hankalinmu shi ne sunayen mazaɓu. Cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, uku sunansu Magajin Gari, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, sauran kuma irin su Kuyello da Randagi da Kakangi da Dogon Dawa da Tabanni. Magajin Gari sarauta ce ta fada. Ga shi yau ta zama sunan da ake bugawa a katin zaɓe.

To yaya ake gadon sarauta a ƙasar Hausa? Yawancinmu muna zaton da sarki ya rasu babban ɗansa ne yake hawa kai tsaye. Ba haka tsarin yake ba. Duk ɗan sarki ko jikan sarki ta wajen uba yana iya nema. Masu zaɓen sarki, waɗanda manyan 'yan majalisar fada ne, su suke zama su tace, su duba ilimi da hali da karɓuwa wurin jama'a, su miƙa sunaye ga gwamnan jiha, shi kuma ya tabbatar da ɗaya ya ba shi sanda. Saboda haka ƙane yana iya gadon wansa, ɗa yana iya gadon ubansa, sarauta kuma tana iya tsallakawa zuwa wani ɗaki na gidan. Maƙwabciyarmu Zazzau misali ce: gidajen sarauta huɗu gare ta, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Da Sarki Shehu Idris na gidan Katsinawa ya rasu a 2020 bayan shekara 45 a kan karaga, sai aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa, gidan da ya yi kimanin shekara 100 bai riƙe sarautar ba.

Yadda Ingila take yin nata

Don mu gane namu da kyau, bari mu leƙa ƙasar da ta yi mana mulkin mallaka. A Ingila akwai gidajen da suke gadon sarauta, kuma mafi girman daraja a cikinsu bayan gidan sarki shi ne gidan Howard, masu riƙe da sarautar Duke na Norfolk. A 1483 Sarki Richard III ya naɗa John Howard. Bayan shekara biyu aka kashe shi tare da sarkin nasa a yaƙin Bosworth, sabon sarki ya ƙwace sarautar. Ɗansa Thomas ya dawo da ita a 1514, ladan nasarar da ya yi a kan mutanen Sikotlan. A 1572 aka sare kan Duke na huɗu bisa laifin cin amanar Sarauniya Elizabeth I, sarautar ta sake ɓacewa, ba a mayar wa gidan ba sai 1660. Wanda yake kai yanzu, Edward Fitzalan-Howard, shi ne na 18, ya gada a 2002. Gidansu ne yake gadon aikin shirya manyan bukukuwan fada, shi ya sa shi ne ya jagoranci shirin jana'izar Sarauniya Elizabeth II a 2022 da naɗin Sarki Charles III a 2023.

Bambancin a fili yake. A can babu masu zaɓe, babban ɗa namiji ne yake gada ko ya cancanta ko bai cancanta ba. A nan jini yana buɗe ƙofa, amma sai an tace. Akwai kuma inda muka yi kama. Su ma iko ya zame daga hannunsu: a 1999 aka yi dokar da ta fitar da mafi yawan masu sarautar gado daga majalisarsu ta sama, aka bar 92, kamar yadda Majalisar Sarakuna ta Arewa da ke zama a Zauren Lugga a Kaduna ta daina zama a 1966. Inda suka tsere mana shi ne rubutu. Ɗalibi a Ingila zai iya buɗe littafi ya bi gidan Howard uba bayan uba har shekara 500 baya. Tarihin gidajen sarautarmu da yawa yana bakin maroƙa da makaɗa da tsofaffin fadawa, kuma kullum mutuwa tana rage su.

Dajin da aka ba sarauta amana

Ba a raba sarautar Birnin Gwari da daji. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun daji na En'e, wato a ƙarƙashin kulawar hukumar sarki. A 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,121 ne, kuma kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara.

Itacen da ya fi yawa a cikinsa shi ne doka, sai baushe da maje da kawo da taura da kaɗanya da ɗorawa. Sunayen garuruwa irin su Doka da Dogon Dawa sun isa su gaya maka irin ƙasar da kake ciki. Masana sun lissafa tsuntsaye iri 177 a gandun, har da burtu, wanda maharba suke ɗaura siffar kansa a goshi idan za su yi wa nama sanɗa. An rubuta samuwar giwaye masu kai da komo tsakanin Kamuku da Kuyambana, da gwanki da kanki da gada da mugun dawa da birai iri-iri. Akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, da wani ƙaton dutse da ake kira Goron Dutse, da Tsaunin Rema inda remaye suke zaune cikin kogunan duwatsu. A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai zinariya, wadda ake haƙa tun zamanin Turawa.

A tsarin gargajiya na ƙasar Hausa daji yana da masu shi. Akwai Sarkin Dawa da Sarkin Baka masu lura da maharba, akwai arɗo mai lura da rugage, akwai dagaci da mai unguwa waɗanda baƙo ba ya kwana a ƙauye sai da saninsu. Labari yana tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Da wannan sarƙa ta yi rauni, ma'aikatan gandu kuma suka yi kaɗan ga daji mai wannan faɗi, sai wuri ya zama na kowa. Ɓarayin shanu suka fara samun mafaka, sannan masu satar mutane, ga masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ga masu saran itace suna ƙona gawayi. Dajin da ya kare kakanni daga mahara shi ya zama maɓoyar masu kai wa jikoki hari. A watan Mayu na 2018 an kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska a rana ɗaya. Ƙauyuka da yawa sun tashi, makarantu sun rufe, yara sa'o'inku sun yi shekaru ba su ga allo ba.

Mu ma a bakin daji muka tsaya. Ba wurin da ɗalibi zai shiga da kansa ba ne, sai da izinin hukumar gandun da rakiyar jami'anta.

Abin da ya rage wa rawani

Sarkin da ba shi da 'yan doka, ba shi da kotu, ba shi da baitulmali, me zai yi wa mutanensa a irin wannan hali? Abin da ya rage masa shi ne murya da mutunci. A shekarun da abin ya yi tsanani, Sarkin Birnin Gwari ya sha fitowa a kafafen yaɗa labarai yana faɗin halin da talakawansa suke ciki, yana kiran gwamnati ta kawo ɗauki. Ciyaman yana yin wa'adinsa ya tafi, kwamandan soja ana yi masa canjin wurin aiki, amma sarki yana nan, shi ake kai wa kuka, shi yake zuwa ta'aziyya, shi ya san wane ne ɗan wane.

A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan wani sulhu da aka ƙulla da wasu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin wadda ta yi shekaru a rufe. Mun ga motoci suna lodin buhunan masara, mun ga shanu a kara. Ra'ayin mutane ya bambanta kan sulhun: wasu suna murna sun koma gona, wasu kuma, musamman waɗanda suka rasa 'yan uwa, suna tambayar ina adalci. Kowanne yana da hujjarsa. Abin da ba a musu a kai shi ne, zaman lafiya ba zai ɗore ba sai an san wanda yake shiga daji da wanda yake fita, kuma wannan sani yana wurin masu unguwanni da dagatai da arɗo-arɗo.

Aikin hutu ga ƙannenmu

Kowane ɗayanku yana da mai unguwa ko dagaci ko hakimi. Idan an yi hutu, ku sami littafi guda na musamman. Ku je wurin dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwarku, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce: “Baba, wa ya riƙe sarautar garin nan kafin wanda yake kai? Kafin shi fa? Ɗansa ne ko ƙanensa? Daga ina kakanninmu suka taso?” Ku rubuta sunayen a jere, da abin da ya faru a zamanin kowanne, ko fari ne, ko fara, ko zuwan mota, ko gina makaranta. Ku tambayi mutum biyu ko uku, ku gwada maganarsu. Inda suka saɓa ku rubuta duka biyun, ku kai wa malaminku na tarihi. Kada ku manta da iyaye mata, domin kakanni mata sun fi kowa sanin wa ya auri wa.

Wannan kira ya fi ƙarfi ga 'yan uwanmu na ƙasar Birnin Gwari waɗanda rikici ya raba da ƙauyukansu, suke karatu a Kaduna ko Zariya ko Funtuwa. Ƙauyen da ya tashi, idan tsofaffinsa suka rasu a gudun hijira, sunayen masu garinsa da iyakokin gonakinsa suna iya tafiya tare da su, ranar komawa kuma a rasa mai cewa nan ne namu.

Allah Ya ja zamanin Mai Gwari, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da Arewa baki ɗaya lafiya, amin.